Tarihin Abubakar Razi, Likita Mai Ilmin Kimiyya

Yau za mu kawo tarihin Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Razi. Kada ɗalibi ya rikita shi da Fahruddini Razi mai tafsiri, wanda ya zo bayansa da kusan shekara 300. Gari ɗaya ne ya haɗa su, watau Rayyu ta ƙasar Farisa, kusa da Tehran.

An haifi Abubakar wajen shekara ta 251 Hijira, ta Nasara 865. Da ƙuruciya ya himmatu ga kimiyya, wadda a zamanin nan manufarta ita ce juyar da darma ko jan ƙarfe su koma zinariya. Sai da ya manyanta ya koma ga likitanci, har ya shugabanci asibitin Rayyu, daga baya na Bagadaza. Shi ne ya wallafa Alhawi, wanda aka juya da Latin a 1279, ya kuma rubuta risala mai rarrabe agana da ƙyanda.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu littafinsa ne Sirrul Asrari. Magabatansa a wannan fanni sun saba lulluɓe maganarsu da ramzi don kada jahili ya gane. Shi kuwa sai ya jera kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa da na tsiro da na dabba, ya faɗi kamanninsu da abin da wuta ke yi musu. Saboda haka ne masanan yau suka iya gane yawancinsu.

Huɗu ya kira arwahu, domin suna tashi in sun ji wuta: zaiba, da kibritu wato farar wuta, da zarnihu, da nushadir. Zarnihun nan, ja da rawaya, an tabbatar haɗin farar wuta ne da dafin da ake kira arsanik. Nushadir kuwa gishiri ne mai suna amoniyam kulorayid, wanda maƙera ke tsabtace ƙarfe da shi in za su yi liƙi, kuma daga sunansa muka sami kalmar sinadari. Zaju, wanda magabata ke haɗa tawada da shi, korensa haɗin baƙin ƙarfe ne da farar wuta da iskar oksijin, shuɗinsa kuwa na jan ƙarfe. Nadaruni ɗan'uwan kanwarmu ce ta Barno, sodiyam kabonet. Tutiya a wurinsa ba ƙarfen da muke nufi ba ne yau, tokarsa ce.

Zinariya dai bai samu ba, ba kuwa zai samu ba, gama kowane ƙarfe asali ne mai zaman kansa, tukunya da mafuri ba su juyar da wannan ya zama wancan. A ganina wannan bai rage masa daraja ba, tun da ya rubuta abin da idonsa ya gani yadda wani zai iya gwadawa. Inda malamai suka yi masa raddi shi ne maganganunsa na falsafa a kan annabci, musamman ɗan garinsu Abu Hatim.

A ƙarshen rayuwarsa ya makance. Ya rasu a Rayyu wajen 313 Hijira, watau 925. A 1937 wani Bajamushe, Julius Ruska, ya fassara Sirrul Asrari da Jamusanci.