Oliver Heaviside: ma'aikacin tangaraho da ya gyara lissafin bekta

'Yan uwa masu shirin jarrabawar shiga injiniya, na san babin bekta ya hana da yawanku barci: nisa tsakanin ɗigo da shimfiɗa, kusurwa tsakanin layuka biyu, ninkin dot da ninkin kuros. Da na bi diddigin waɗanda suka tsara wannan lissafi yadda muke karanta shi yau, sai na tarar ɗaya daga cikinsu ko ƙofar jami'a bai taɓa shiga a matsayin ɗalibi ba.

An haifi Oliver Heaviside a Landan a 1850, a gidan marasa ƙarfi. Wani zazzaɓi da ya kama shi yana yaro ya rage masa ji. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, a 1868 kuma ya samu aiki a kamfanin wayar tangaraho da ke haɗa Ingila da Denmak ta ƙarƙashin teku. A nan ya ga matsala da idonsa: saƙo yakan dagule idan waya ta yi tsawo.

A 1873 littafin Maxwell kan lantarki da maganaɗisu ya fito. Shekara guda bayan haka Heaviside ya ajiye aiki, ya koma gidan iyayensa, ya duƙufa a kan littafin shi kaɗai. Bai sake karɓar aikin albashi ba har ya mutu.

To ina bekta ta shigo? Tun 1843 Hamilton ya ƙirƙiro lissafin kwatanon, wanda daga gare shi muka gaji i, j da k. Sai dai yana da nauyi ga mai aikin waya. Heaviside ya raba ninkinsa gida biyu. Ɗaya yana ba da lamba zalla, shi ne dot: idan ya fito sifili, bektocin biyu na tsaye ne a kan juna. Ɗayan yana ba da sabuwar bekta da ke tsaye a kan duka biyun, shi ne kuros, wanda ke nuna inda ƙarfi zai tura waya a cikin injin lantarki. Gibbs a Amurka ma ya isa ga wannan tsari ta nasa ɓangaren. Da wannan makami Heaviside ya taƙaita jerin lissafin Maxwell guda 20 zuwa huɗun da ke cikin littattafanmu. Kalmomin impidans da indaktans ma daga bakinsa suka fito.

Amma fa bai ji daɗin duniya ba. A 1887 ya nuna cewa ƙara indaktans a layi zai hana saƙo dagulewa, sai wani babban jami'in gidan waya na Ingila, William Preece, ya tare masa hanya. Daga baya Pupin ya yi rajistar na'urar da ta dogara da wannan tunani a Amurka, kamfanin AT&T ya saya da kuɗi masu yawa. Shi kuwa Heaviside fanshon fam 120 a shekara gwamnati ta yanka masa a 1896.

A 1902 ya yi hasashen akwai wani rufi a sararin sama da ke maido da igiyar rediyo ƙasa. An tabbatar da shi a wajajen 1924, kuma irin wannan dawowar ce ke kawo mana tashoshin gajeren zango har ƙauyukanmu. An ba shi lambar Faraday ta farko a 1922, ya mutu a 1925 cikin kaɗaici.

Abin da na ɗauka a rayuwarsa shi ne, matsalar waya ce ta kai shi ga dot da kuros. Don haka kafin ka haddace ƙa'ida, zana bektocin, ka tambayi kanka: lamba nake nema ko alkibla? Amsar ita za ta gaya maka wanne za ka ɗauka a ɗakin jarrabawa.