W.O. BENTLEY (1888–1971): MAƘERIN DA SUNANSA YA KUƁUCE MASA

Gabatarwa

Da aka ce kowannenmu ya kawo tarihin wani shahararren mutum domin wannan mujalla, abokan karatuna sun rarraba sarakuna da mawaƙa da marubuta a tsakaninsu. Ni kuwa sai na zaɓi wani Bature maƙerin mota, domin ni ɗan bakanike ne. A garejin mahaifina da ke kusa da Sabo a Ibadan na fara tsintar Hausa daga bakin direbobin manyan motoci. Da bashi ya cinye garejin, wanda ya saye shi bai cire allon da ke ɗauke da sunan mahaifina ba, saboda sunan ne ke kawo ciniki. Mahaifina ya yi shekaru yana wucewa ta ƙarƙashin sunansa, ba shi da ikon ko sukudireba a wurin. Ranar da na karanta tarihin Bentley, sai na ga ashe ba a kanmu farau ba.

Haihuwarsa da Koyon Sana'a

An haifi Walter Owen Bentley a birnin Landan ranar 16 ga Satumba, 1888. Shi ne auta a cikin 'ya'ya tara. Yana da shekara 16 ya bar makaranta ya tafi garin Doncaster koyon aikin injin jirgin ƙasa, inda ya yi shekara biyar. A 1912 shi da wansa suka fara dillancin wata motar Faransa mai suna DFP. A nan ne ya gwada yin fistin da alminiyon maimakon ƙarfe, ya ga injin ya ƙara sauƙi da gudu. Wannan dabara ta yi masa rana a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ya tsara injinan jirgin sama guda biyu, BR1 da BR2. A 1919 ya kafa kamfanin Bentley Motors, kuma a shekarar ne annobar mura ta ɗauke matarsa ta fari. Motocinsa na farko sun isa hannun masu saye a 1921, daga masana'antarsa da ke Cricklewood a Landan.

Tseren Awa 24

A 1923 aka fara wani tsere a kusa da garin Le Mans na ƙasar Faransa. Motoci za su yi ta zagaya hanya mai tsawon kilomita 17 da 'yan kai har awa 24, dare da rana, direbobi biyu suna karɓa-karɓa. Motar da ta fi cin nisa ita ke kan gaba. Ke nan abin da ake gwadawa shi ne juriya.

Da farko Bentley bai yarda da tseren ba, yana ganin babu motar da za ta kai labari. Wani dillalinsa mai suna John Duff ne ya shiga da motar kansa, Bentley ya ara masa direban gwajin kamfani, Frank Clement. Ana cikin tsere dutse ya huda musu tanki, mai ya tsiyaye. Clement ya ari keke ya kai wa motar fetur, suka toshe hujin suka ci gaba, har suka zo na huɗu. Bentley, wanda ya je kallo da ƙyar, ya koma gida da sabon tunani. A 1924 mutanen nan biyu suka koma suka zo na ɗaya.

Daga nan kamfanin ya kafa ƙungiyar tsere tasa ta kansa, da motocinsa da makanikansa. Sai dai 1925 da 1926 ba su yi daɗi ba, domin ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. A 1926 mota mai lamba 7 ta faɗa cikin tudun yashi ana saura mintoci kaɗan a tashi.

Shekara ta 1927 ita ce ba a mantawa. Da almuru wata mota ta juye ta tare hanya a kwanar da ake kira Maison Blanche, motocin Bentley uku duk suka afka cikin hatsarin. Biyu suka mutu murus. Ta ukun, wato tsohuwar lamba 7 ɗin nan, ta fito da fasasshiyar fitila da lanƙwasasshen gaba. Aka ɗaɗɗaure ta, aka maƙala mata tocila, direbobinta Sammy Davis da Dudley Benjafield suka kwana suna lallaɓa ta. Washegari motar da ke gabansu ta lalace, suka yi nasara. Da aka shirya musu liyafa a otal ɗin Savoy a Landan, har cikin zauren cin abinci aka shigo da motar.

Ƙungiyar ta sake cin tseren a 1928 da 1929 da 1930. A 1929 ma motocin Bentley ne suka zo na ɗaya har zuwa na huɗu. Sirrin Bentley shi ne tsari. Yakan sa makanikai su yi ta bitar zuba mai da canza taya har sai hannunsu ya faɗa, kuma yakan hana direba gudun da ya wuce buƙata. A wurinsa, sannu ba ta hana zuwa.

Yadda Kamfanin Ya Suɓuce

Mai karatu zai yi zaton wanda ya ci tsere sau biyar ya kama ƙasa. Ina! Tsere na cin kuɗi, motocin kuma tsadarsu ta sa sai attajirai. Tun 1926 kamfanin ya kusa durƙushewa, sai Woolf Barnato, magajin dukiyar lu'ulu'u ta Afirka ta Kudu, ya zuba kuɗinsa ya zama shugaba. Barnato gwanin direba ne, shi ya tuƙa motar da ta ci tseren a shekaru ukun nan a jere. A fagen tsere yana bin umarnin Bentley sau da ƙafa, a ofis kuwa Bentley ma'aikacinsa ne.

Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta kashe kasuwar motocin alfarma. Kamfanin ya janye daga tsere bayan nasarar 1930. A watan Yuli na 1931 Barnato ya ƙi ci gaba da biyan bashi, aka sa kamfanin a kasuwa. Bentley ya sa rai kamfanin Napier ne zai saya, sai wata ƙungiyar da ba a san ta ba ta ɗara tayin. Daga baya aka gane Rolls-Royce ce, babbar kishiyarsa. Ta mallaki masana'anta da suna, shi kansa Bentley ya zama ma'aikacinta, ba tare da an bar shi ya tsara mota ba.

A 1935 ya koma kamfanin Lagonda, ya tsara inji mai silinda 12. Motocin suka zo na uku da na huɗu a Le Mans a 1939. Amma da Lagonda ta yi talla da sunan Bentley, Rolls-Royce ta kai ƙara kotu, ta kuma yi nasara. Mutum da sunan gidansu, an hana a liƙa shi a jikin motar da ya tsara. Ya ƙare rayuwarsa cikin rufin asiri a wani ƙauye na yankin Surrey, ya rasu ranar 13 ga Agusta, 1971, bai bar ɗa ba.

Kammalawa

A 2003, shekara 73 bayan nasarar 1930, wata mota mai suna Bentley Speed 8 ta sake cin tseren Le Mans, lokacin kamfanin yana hannun Volkswagen ta Jamus. Sunan dai na auta ɗan koyon aikin jirgin ƙasa ne.

Da na ba mahaifina wannan labari da Yarabanci, bai damu da kotu ko kuɗi ba. Tambayarsa ɗaya ce, wai yaya aka yi motar da gabanta ya lanƙwashe ta kwana tana gudu? Da na bayyana masa, ya yi shiru, sannan ya yaba wa makanikan da suka ɗaure ta. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne, gwanintar hannu daban, riƙon dukiya daban, kuma mai sana'a yana buƙatar duka biyun. Ga 'yan'uwana ɗalibai masu niyyar rubutu da fassara, kafin mu sa hannu a kowace takarda, mu duba mu ga wa zai mallaki sunan da ke jikin aikinmu.