Nana Asma'u 'Yar Shehu: Waliyyiyar Da Ba Ta Raina Ƙaramin Aiki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Sau da yawa muridi yakan ji labarin manyan bayin Allah sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ga shi ba shi da karama, ba shi da zawiya, ba abin da yake yi sai noma da wuridi da hidimar iyali. Tarihin Nana Asma'u, Allah Ya ƙara mata yarda, magani ne ga wannan waswasi.

Haihuwarta da tasowarta

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793 Miladiyya, ita da ɗan'uwan tagwaicinta Hassan. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuma Maimuna. Gidansu gidan ilimi ne da ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani, kuma gidan zuhudu, domin an ruwaito cewa Shehu, duk da ɗaukakarsa, yakan tufka igiya da hannunsa don ya ci daga guminsa. A wannan gida ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana 'yar shekara kamar 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da annoba da ƙaura, har Allah Ya kawo buɗi da cin Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ita ce mahaifiyar Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Bayan wafatin Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara littattafansa da adana su.

Aikin da yaƙi bai iya yi ba

An kafa daula, an gina Sakkwato da Wurno, amma akwai wurin da tuta ba ta shiga, wato cikin gida. Ƙauyuka cike suke da zawarawa da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu. Da yawansu ba su san alwala daidai ba, in ciwo ya kama yaro kuwa sai a nufi 'yan bori. Nana ta gane cewa in uwa ba ta iya Fatiha ba, gyaran da aka zubar da jini dominsa ba zai wuce tsara ɗaya ba.

Sai ta ɗauki hanyar da ido zai iya rainawa. Ta riƙa zaɓo dattijai mata masu amana daga ƙauyuka, tana naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa ta ɗaura jan rawani a kai. Jaji takan jagoranci tawagar 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su taka da ƙafa har gidan Nana, domin matan aure masu goyo ba su iya barin ɗakunansu. Su ne ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da ɗan abin da ya sawwaƙa, zuma ko man shanu ko hatsi ko ƙyalle, ita kuma ta rabar ga mabuƙata. Su zauna su haddace waƙoƙinta, su koma gida su karantar da na cikin kulle.

Abin da take koya musu ba mai nisa ba ne: tsarki da salla da azumi, gaskiya a ciniki, haƙƙin maƙwabci, barin gulma. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a gajeriyar waƙa, yadda mace za ta iya maimaita su tana daka ko tana kaɗi. Haka kuma aka san 'Yan Taru da sharar masallaci, da duba marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sasanta ma'aurata. Ba ɗaya cikin waɗannan da maroƙi zai yi wa kirari, amma da su addini ya zauna a gidaje.

Ma'auninta na girma

Wanda yake son ya san abin da Nana take ɗauka babba, to ya dubi waƙoƙin ta'aziyyarta. Da ɗan'uwanta Bello ya rasu a 1837, abin da ta fi ambato game da shi ilimi ne da tsoron Allah da tausayin talakawa. Ta yi wa Zaharatu waƙa saboda tana karɓar haihuwa, tana suturta gawa, tana karantar da wanda bai sani ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima saboda kirki da riƙon zumunci. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, wadda ta shekara da shekaru tana kawo mata ɗalibai. Ta yi wa Na'inna, dattijon danginta da bai riƙe wata sarauta ba, saboda sakin fuska da kyauta da son 'yan'uwa. Alƙalamin da ya yi kukan Sarkin Musulmi shi ne ya yi kukan ungozoma.

Haka ta yi a waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka. Ta fara da iyayen muminai da 'ya'yan Manzon Allah (SAW), ta ambaci irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sanya matan jama'ar Shehu a sahu ɗaya da su. Wannan fahimta daga Sunna ta samo ta, domin Ma'aiki (SAW) ya karantar cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, ya kuma hana raina kowane alheri, har da tarbar ɗan'uwa da fara'a.

Wafatinta

Allah Ya karɓi rayuwarta a 1864, daidai da 1280 Hijiriyya, tana da shekara kusan 71, aka binne ta a Sakkwato kusa da Hubbaren Shehu. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mulki ya sauya hannu, amma zaman karatun matan bai mutu ba, har yau ana yin sa, har ma ya kai ga wasu Musulmi a Amurka.

Don haka ɗan'uwa da ke Magarya ko Dungas, wanda ya tsare wuridinsa a tsakiyar damina bayan ya wuni a gona, da baiwar Allah da ke Bande ko Wacha tana biya wa jikokinta Ƙulhuwallahu kafin barci, da mai cika awo a kasuwa, da mai ɗebo wa tsohuwa ruwa, kada ɗayansu ya ɗauka aikinsa ya yi ƙanƙanta. Abin nema shi ne ikhlasi da dawwama. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya ƙara mata kusanci, Ya ba mu albarkacinta da na mahaifinta da na Shehu Abdulƙadir, Ya karɓi ƙananan ayyukanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.