Ignatius na Loyola: Bafaden da Karaya Ta Koya wa Jiran Lokacin Allah

Mazaunin unguwar Sabo a Ibadan, idan ya bi ta Agodi ya hau tsohuwar hanyar Ife, zai wuce ta gaban Kwalejin Loyola, makarantar maza da 'yan mishan Katolika suka buɗe a 1954. A Abuja ma akwai Loyola Jesuit College a Gidan Mangoro, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1996. Loyola dai sunan wani gida ne na ƙananan masu sarauta a arewacin Sifaniya, inda wani soja ya kwanta jinyar karaya kimanin wata tara, shekara ɗari biyar da suka wuce. Abin da ya gudana a ɗakin jinyar nan shi ne asalin waɗannan makarantu da ɗaruruwan irinsu a duniya.

An haifi Iñigo López a 1491 kusa da garin Azpeitia, a ƙasar Baskawa. Shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, matar wani maƙeri ta raine shi. Da ya tasa, aka kai shi garin Arévalo, gidan Juan Velázquez de Cuéllar, babban ma'ajin masarautar Kastila, domin ya koyi aikin fada. Kimanin shekara goma ya yi a can. Ya iya rubutu mai kyau da lissafin baitulmali, ya iya rawa da wasan takobi, ya kuma yi suna wajen son ado da saurin fushi, har ya taɓa gurfana gaban shari'a a 1515.

Darasinsa na farko ya zo ne ta hanyar da duk mai aiki ƙarƙashin wani babba ya sani. Sarki Ferdinand ya rasu a 1516, ubangidan Iñigo ya saɓa da sabuwar fada, ya rasa matsayinsa, ya rasu a 1517. Yaron da ya ɗora dukan burinsa a kan mutum ɗaya ya wayi gari ba inuwa. Ya koma hidimar Antonio Manrique de Lara, wakilin sarki a yankin Nabara, ya sake farawa daga tushe.

A watan Mayun 1521 rundunar Faransa ta shigo Pamplona. Garin ya miƙa wuya, kuma yawancin waɗanda ke cikin ganuwa suna ganin turjiya ba ta da amfani. Iñigo ne ya dage har ya shawo kan kwamandan a tsaya a yi faɗa. Ranar 20 ga Mayu harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafar dama, ya ji masa rauni a ta hagu. Bayan faɗuwarsa ganuwar ma ta faɗi. Faransawa suka girmama jarumtarsa, likitocinsu suka yi masa ɗori, bayan kamar mako biyu aka ɗauke shi a kan gadon majinyata zuwa gidansu.

A Loyola likitoci suka ga ƙasusuwan ba su zauna daidai ba, sai an sake karyawa a gyara. A zamanin babu allurar barci. Kamar yadda ya ba wani abokin aikinsa labari a ƙarshen rayuwarsa, bai yi ko tari ba, sai dunƙule hannu kawai. Jiki ya yi tsanani har aka yi masa addu'o'in ƙarshe. A jajibirin idin Bitrus da Bulus, 28 ga Yuni, likitoci suka ce idan tsakar dare ta yi bai sami sauƙi ba, to a cire rai. A daren nan sauƙi ya fara samuwa.

Da ƙafar ta kama, sai ga wani ƙashi ya turo a ƙasan gwiwa, ƙafar kuma ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Iñigo bai ga yadda bafade zai sa matsattsen takalmin zamani da irin wannan ƙafa ba. Ya nemi a yanke ƙashin da zarto, ko da aka gargaɗe shi cewa azabar za ta fi ta baya. Aka yanke, aka kuma riƙa jan ƙafar da wata na'ura kwana da kwanaki. Duk da haka da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Har zuwa wannan lokaci, mutum ne mai son ya tilasta wa jikinsa ya mayar da shi inda ya tsaya, a kan jadawalin da shi ya tsara.

Kwanciya ta yi tsawo, ya nemi littattafan jarumta da soyayya irin waɗanda ya saba karantawa. Babu ko ɗaya a gidan. Abin da aka samu shi ne tarihin rayuwar Almasihu na Ludolph na Saxony, da wani kundin labaran tsarkaka. Ya karanta su don kashe lokaci. Wani sa'in yakan shafe sa'o'i yana tunanin bajintar da zai yi don ya burge wata babbar mace ta gidan sarauta. Wani sa'in kuma yakan tambayi kansa me zai hana shi yin abin da Francis na Assisi da Dominic suka yi. Dukan tunanin biyu suna yi masa daɗi a lokacin da yake cikinsu. Daga baya ne ya lura da bambanci: na farko idan ya wuce yakan bar shi cikin ƙunci da bushewar zuciya, na biyu kuwa yakan bar shi da natsuwa mai ɗorewa. Wannan lura, wadda bai taɓa samun sukunin yi ba yana kan ƙafafunsa, ita ce ta zama tushen koyarwarsa a kan yadda mai bi zai tantance motsin zuciyarsa kafin ya yanke shawara. Ya ɗauki littafin rubutu ya cika kusan shafi 300, kalmomin Almasihu da jan tawada, na Maryamu da shuɗiya.

A farkon 1522 ya bar gida. Ya biya ta wurin tsohon ubangidansa ya karɓi ragowar haƙƙinsa da ba a biya shi ba, ya sa a biya waɗanda suke binsa bashi. A daren 24 ga Maris ya kwana yana addu'a a majami'ar Montserrat, ya rataye takobinsa a can, ya ba wani mabaraci tufafinsa. Ya yi niyyar kwana kaɗan a garin Manresa, ya ƙare da kusan wata 11. A can ya wuce gona da iri wajen azumi har ya lalata cikinsa, kuma waswasi a kan zunubansa ya kai shi ga tunanin hallaka kansa kafin ya sami mafita. Daga abin da ya rubuta a wannan zama ne littafinsa na atisayen ruhaniya ya samo asali.

Babban burinsa shi ne ya zauna a Urushalima har mutuwa. Ya isa can a Satumban 1523, amma shugaban 'yan ɗariƙar Francis, masu kula da wurare masu tsarki, ya hana shi zama saboda haɗari, har da barazanar fitar da shi daga ikilisiya idan ya ƙi bin umarni. Bayan kimanin mako uku ya juyo. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙarshen kiransa ba. Ya fahimci cewa taimakon mutane yana bukatar ilimi, don haka yana ɗan shekara 33 ya zauna cikin yara a Barcelona yana koyon nahawun Latin. A Alcalá hukumomin ikilisiya suka tsare shi kwana 42, a Salamanca kwana 22, bisa zargin koyar da addini ba da izini ba. Ba a same shi da karkatacciyar koyarwa ba, amma an ɗaure masa baki har sai ya ƙara karatu. Ya tafi Paris a 1528, ya yi shekara bakwai.

Ranar 15 ga Agustan 1534 shi da abokansa shida, cikinsu har da Francis Xavier da Peter Faber, suka yi alkawari a Montmartre cewa za su tafi Urushalima. Sai dai wannan karon an sa sharaɗi: za su jira jirgi shekara guda, idan bai samu ba, za su miƙa kansu ga Fafaroma ya aike su inda ya ga dama. A nan ake ganin abin da jinya ta koya masa. Jira a wurinsa yana da wa'adi, yana da aikin da ake yi a cikinsa, yana kuma barin ƙofa a buɗe ga abin da Allah zai zaɓa. Sun taru a Venice a 1537, suna hidima a asibitoci, aka naɗa shi limamin coci a watan Yuni. Yaƙi tsakanin Venice da Daular Usmaniyya ya hana jiragen masu ziyara tashi. Suka nufi birnin Rum. Shi kansa bai jagoranci sujadarsa ta farko ba sai a Kirsimetin 1538, shekara ɗaya da rabi bayan naɗinsa.

Fafaroma Paul na Uku ya amince da ƙungiyar Jesuit ranar 27 ga Satumban 1540, shekara 19 bayan Pamplona. A 1541 aka zaɓe shi shugaba. Ya ƙi karɓa, sai da aka sake zaɓe. Mutumin da ya so yawo a ƙasa mai tsarki ya ƙare shekara 15 na ƙarshen rayuwarsa a bakin tebur, yana tsara dokokin ƙungiya da amsa wasiƙu, waɗanda kusan 7,000 daga cikinsu suna nan har yau. Aikin ofis da ya koya a gidan ma'aji, wanda ya zaci ya tafi a banza, a nan ya yi rana. Makarantu ma ba sa cikin shirin farko. Mutanen Messina ne suka roƙa, aka buɗe musu a 1548, sannan Kwalejin Rum ta biyo baya a 1551.

A yammacin 30 ga Yulin 1556 ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya nemi sakatarensa, Juan de Polanco, ya je ya roƙo masa albarkar Fafaroma. Likitoci ba su ga haɗari na kusa ba, ga kuma wasiƙun da dole su fita a ranar, sai sakataren ya nemi a bari sai gobe. Ignatius ya nuna ya fi son a yi a ranar, amma ya bar masa zaɓi. Da sassafe ranar 31 ga wata ya cika, albarkar ba ta riske shi ba. Ya bar ƙungiya mai mutum kusan 1,000, daga Brazil har Indiya da Japan. An sanya shi cikin tsarkaka a 1622, kuma a 2013 ɗan ƙungiyarsa, Francis, ya zama Fafaroma.

Lokacin da 'yan Jesuit suka tashi bikin cika shekara 500 a 2021, ba ranar haihuwarsa suka zaɓa ba, ba kuma ranar kafa ƙungiyar ba. Sun fara bikin ne ranar 20 ga Mayu, ranar da ƙafarsa ta karye.