Hasan Ibnul Haisam: Masanin da ya bi sawun haske a madubi, ruwa da gilashi

Duk wanda ya taɓa tsoma sanda cikin randa ya ga kamar ta karye daga daidai bakin ruwan, ya ga abin da Abu Ali Hasan Ibnul Haisam ya shafe shekaru yana bincike a kansa. Mutane sun daɗe da sanin wannan abin mamaki kafin zamaninsa. Abin da ya bambanta shi da magabata shi ne bai yarda ya rubuta hukunci a kan haske ba sai ya ƙera na'ura, ya auna, ya sake aunawa.

An haife shi a Basra da ke ƙasar Iraƙi ta yanzu wajen shekarar 965 Miladiyya, wato 354 bayan Hijira. A can ya yi karatu, ya ƙware a lissafi da ilimin taurari, har sunansa ya kai Masar, inda Halifan Faɗimiyya Alhakim bi Amrillahi yake mulki tun shekarar 996.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rayu kimanin shekara 200 bayansa, ya ruwaito yadda ya koma Alƙahira. Labari ya kai wa Halifa cewa wani malami a Basra ya ce zai iya yin aikin da zai daidaita ambaliyar Kogin Nilu, a amfana da ruwan ko ya cika ko ya ja baya. Alhakim ya aika masa da dukiya, ya fita da kansa ya tarbe shi. Ibnul Haisam ya ɗebi magina suka bi kogin har kudu da Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da yanayin wurin, ya kuma ga gine-ginen da mutanen dā suka bari a hanya, sai ya gane cewa da aikin mai yiwuwa ne da sun riga shi. Ya koma ya faɗa wa Halifa gaskiya. Faɗin irin wannan magana a gaban Alhakim kasada ce, domin sarki ne da ya yi ƙaurin suna wajen kashe manyan ma'aikatansa. An ba shi wani muƙami a gwamnati, amma tsoro bai bar shi ba, sai ya yi haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida har zuwa 1021, shekarar da Alhakim ya fita da dare zuwa tsaunin Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Madatsar farko a Aswan ba ta samu ba sai 1902, babbar kuwa sai 1970.

Bayan ya samu 'yanci ya zauna kusa da Masallacin Azhar, yana cin abinci da alƙalaminsa. Duk shekara yakan kwafi littafin lissafi na Iƙlidis da na taurari na Baɗlamus da wasu ƙananan littattafai, ya sayar a kan dinari 150, ya rayu da su har shekara ta zagayo. Sauran lokacinsa na nazari ne.

A Masar ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai kashi 7. Kashi uku na farko sun yi bayanin yadda ido yake gani. Iƙlidis da Baɗlamus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya rushe wannan. Ya kafa hujja da zafin da ido ke ji in an dubi rana, da tabon hasken da ke saura a gani bayan an kau da kai, alamar cewa daga waje abu yake shigowa. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa da ke kaiwa cikin ɗaki mai duhu, sai kowace fitila ta fitar da ɗigon haskenta a bango. Da ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da wannan ya nuna cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Kashi na 4 zuwa na 6 sun tattauna dawowar haske daga abu mai santsi. Ya ƙera na'urar tagulla mai ma'aunin kusurwa, ya yi gwaji da madubai iri 7: shimfiɗaɗɗe, da mai siffar ƙwallo, da mai siffar bututu, da mai siffar mazurari, ukun ƙarshe kowanne da mai tudu da mai rami. A dukkansu ya samu ƙa'ida ɗaya. In aka tsayar da layi cak a wurin da haske ya sauka, kusurwar da ya zo da ita daidai take da wadda zai tashi da ita, kuma hasken da ya zo da wanda ya koma da layin nan duk suna kan shimfiɗa guda. A nan ne ya warware matsalar da har yau ake kira da sunansa: in an san inda fitila take da inda ido yake, a wane ɗigo na madubi mai siffar ƙwallo hasken zai buga kafin ya iso ido? Amsar ta ci shafuka masu yawa na lissafi mai wuyar bi, wanda ya wahalar da masanan Turai har ƙarni na 17.

Kashi na 7, a kan karyewar haske, shi ne ya fi nuna irin tunaninsa. Ya auna yadda haske ke sauya hanya daga iska zuwa ruwa, daga iska zuwa gilashi, da kuma tsakanin gilashi da ruwa. Ya tabbatar cewa in haske ya shiga abu mafi kauri a karkace, yakan lanƙwasa zuwa wajen layin nan da ke tsaye, in ya fito zuwa mara kauri ya nisance shi, in kuwa ya sauka a tsaye sai ya wuce bai karkata ba. Dalilin da ya bayar shi ne haske yana ɗaukar lokaci a tafiyarsa ko da ido ba ya iya lura, kuma abu mai kauri yana rage masa gudu. Ya kwatanta da ƙwallon ƙarfe da aka jefi allo da shi: jifan da ya zo kai tsaye yakan huda, wanda ya zo a karkace yakan goce. Sai a 1850 Bafaranshe Foucault ya nuna a ɗakin gwaji cewa haske ya fi jinkiri a ruwa. A yau an san yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, 225,000 a ruwa, 200,000 a gilashi.

Bai dace a ɓoye inda ya gaza ba. Duk da awon da ya yi, bai gano ƙa'idar lissafin da ke haɗa kusurwar shiga da ta karyewa ba, alhali Ibnu Sahal ya riga ya yi aiki da ita a Bagadaza wajen shekarar 984. Turawa sun sake gano ta a hannun Snell a 1621. Bayaninsa kan bakan gizo ma bai yi daidai ba, domin ya ɗauka gajimare ne ke aiki kamar madubi mai rami. Wanda ya gyara shi, Kamaluddin Alfarisi, ya yi hakan ne kusan shekara 300 bayansa da hanyar da ya koya daga littafin nasa: ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama, ya sa shi a ɗaki mai duhu, ya ga haske ya karye wajen shiga, ya dawo daga bangon ciki, ya sake karyewa wajen fita.

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bar rubuce-rubuce kusan 100, ciki har da wanda ya tattara shakkunsa a kan Baɗlamus. An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 12, aka buga shi a birnin Basel a 1572 da sunan Alhazen. Roger Bacon da Witelo sun dogara da shi ƙwarai, kuma daga kansa Kepler ya ɗora a 1604 lokacin da ya nuna cewa hoto yana sauka ne a tantanin bayan ido, saɓanin Ibnul Haisam da ya ɗora gani a kan ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke cikin ido. Akwai wani rami a duniyar wata da aka raɗa wa sunansa, kuma Iraƙi ta sa hotonsa a takardar dinari 10,000 da ta fitar a 2003.