Henry Ford, Mutumin Da Ya Ƙera Motar Talaka Ya Kuma Ƙi Rabuwa Da Ita

An haifi Henry Ford ran 30 ga watan Yuli, 1863, a wata gona kusa da garin Dearborn cikin jihar Michigan ta Amurka. Ɗan manomi ne, amma tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga gyaran agogo da injuna. Yana da shekara 16 ya tafi birnin Detroit koyon makanikanci, daga bisani ya zama babban injiniya a kamfanin lantarki na Edison. A 1903, shi da wasu masu hannun jari suka kafa kamfanin motoci na Ford.

A zamanin nan mota abin hawan attajirai ce. Shi kuwa Ford sai ya hango wata kasuwa da ba a kula da ita ba, watau manoma da ƙananan ma'aikata. A 1908 ya fito da mota samfurin Model T, mai ƙwari, mai sauƙin gyara, wadda ke iya ratsa hanyoyin karkara. An fara sayar da ita dala 850.

Daga nan ya duƙufa wajen rage tsadarta. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, ya shigo da tsarin da aiki ke zuwa wa ma'aikaci a inda yake tsaye, kowa da abu guda da zai ɗaura. Aikin da ke cin fiye da awa 12 ya koma kamar awa ɗaya da rabi. A 1914 ya mai da ladan ma'aikaci dala 5 a yini, fiye da ninki biyu na da. Daga wannan shekara har 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi wa motar. Kuɗinta ya yi ta sauka har ya kai dala 260, kuma a farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin da ake saye a Amurka na Ford ne.

To, amma zamani riga ne. Hanyoyi sun gyaru, mutane sun sami abin hannu, wanda ya riga ya hau mota sau ɗaya kuma ya fara neman jin daɗi da ƙawa, ba araha kaɗai ba. Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban kamfanin General Motors a 1923, ya gane haka. Ya tsara motoci hawa-hawa daidai aljihun kowa, daga Chevrolet har Cadillac, ana sabunta fasalinsu a kai a kai, ana kuma sayarwa bashi a biya da kaɗan-kaɗan.

Ɗansa Edsel, wanda ke riƙe da muƙamin shugaban kamfanin tun 1919, ya yi ta roƙon a ƙera sabuwar mota, uban ya ƙi. A 1926 wani babban jami'i, Ernest Kanzler, ya rubuta masa takardar gargaɗi. Shekarar ba ta ƙare ba ya bar aiki. Ford dai ya tsaya ga 'yan gyare-gyare, aka maido da launuka, aka taɓa fasali, amma ciniki ya ci gaba da raguwa.

A watan Mayun 1927, bayan an ƙera fiye da miliyan 15, aka dakatar da Model T. Da yake ba a gama shirya magajiyarta ba, sai aiki ya tsaya wata da watanni, dubban ma'aikata suka zauna a gida, Chevrolet ta sha gaba a shekarar. Model A ta fito a watan Disamba, ta kuwa sami karɓuwa, haka ma injin V8 na 1932, amma daga shekarun 1930 General Motors ce ta riƙe ragamar kasuwar.

Abin lura a nan shi ne, gyara da kaɗan-kaɗan yana biya ne muddin buƙatar mai saye ba ta sake ba. In ta sake, kowane gyara ƙara ɗaure kai ne ga tsohon kaya, domin injunan Ford duka an ƙera su ne don mota iri guda. Ƙwarewar da ta ɗaukaka shi ita ce ta tsananta masa tsadar juyawa.

Edsel ya rasu a 1943, ɗansa Henry Ford na Biyu ya karɓi kamfanin a 1945. Henry Ford ya mutu a gidansa na Dearborn ran 7 ga Afrilu, 1947, yana da shekara 83.