Dokta Niels Bronnum: Mutumin Danmak Da Ya Koyi Bachama Ba Littafi

Yau za mu tuna da wani bawan Ubangiji, Dokta Niels Bronnum, wanda aka haifa a ƙasar Danmak a shekara ta 1882. Harshensa na gida na mutanen arewacin Turai ne, ba shi da dangantaka da namu ko kaɗan. Amma da ya ji kiran Allah, sai ya yi karatun likita, ya shirya zuwa ƙasar baƙaƙen fata.

A 1911 aka kafa reshen Danmak na mishan ɗin SUM. A 1913 Bronnum ya iso Nijeriya tare da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Suka sauka a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, domin su fara koyon Hausa. A nan babban gwaji ya same shi. Matarsa ta haifi ɗa namiji, ba a daɗe ba ta rasu. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai, aka bar likita shi kaɗai.

Wani da ya juya gida, ba kuwa mai ganin laifinsa. Shi dai ya ci gaba, ya isa Numan a watan Oktoba na 1913. Can ya tarar Hausa ba za ta wadatar ba, gama harshen zuciyar mutanen wurin shi ne Bachama. Ba makaranta, ba ƙamus, ba littafin koyo. Malamansa su ne mutanen gari da marasa lafiyan da yake yi wa magani. Ya kasa kunne, ya yi tambaya, ya rubuta. A 1915 aka buga Bisharar Markus da Bachama, shekara 17 kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Ya rasu a 1966. Daga wannan iri ekklesiyar LCCN ta tsiro, ta yi bikin cika shekara 100 a 2013. Makarantar tauhidinta a Mbamba, Yola, tana ɗauke da sunansa.

To, mu fa? A iyakar Kongolam, taki kaɗan ne tsakaninmu da ƙasar da ake karatu da Faransanci. A majami'unmu kuma akwai baƙi masu harsuna dabam dabam. Wa ya taɓa koyon ko gaisuwarsu? Wanda ka gaishe shi da harshen uwarsa, ya riga ya buɗe maka ƙofa. Ubangiji ya ba mu irin wannan naciya. Amin.